Takalmin Jaufarbe

A Male, babban birninmu na Maldibs, akwai wani shagon shayi da ke kallon inda jiragen kamun kifi suke sauke kaya. Teburin da ke jikin taga na Jaufar ne. Ba wanda ya ba shi. Zama ya yi ta yi a kansa shekara ashirin da biyu, har mai shagon da kansa ya koma neman izini kafin ya goge shi. Da an tashi daga aiki zai iso, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, a kawo masa baƙin shayi da soyayyen curin kifi, sannan ya shiga gyara wa matuƙan jiragen tuƙinsu. Ta taga yake gyarawa. Su ba su ma san yana yi ba.

"Dubi wancan," in ji shi. "Ya makara da juyawa. Da a jirgin babana ne, da yau da ninƙaya zai ƙarasa gida."

Mu abokan zamansa Jaufarbe muke ce masa, yadda ake liƙa wa na gaba "be" a ƙarshen suna. Yana amsawa, amma ba shi ne sunan da yake so ba. So yake a ce masa Keyolu.

Babansa, Keyolu Tuttu, shi ne shugaban jirgin kamun kifin da ya fi kowa suna a tsibirinsu na Fanimadu. Sunan keyolu kuwa ba a gadonsa, kuma ba ofishin da ke bayar da shi. A Fanimadu mutum ba ya samunsa sai ya shigo da doni, jirginmu na katako, ta mashigin tsibirin, ƙyallen iska a sama, jama'a suna kallo daga bakin yashi. Mashigin nan wata 'yar ƙofa ce a cikin katangar duwatsun murjani da ta kewaye tsibirin, faɗinta bai fi doni biyu ba, ruwa kuma a karkace yake ja a cikinta. Da ƙafa ake tuƙa doni. Matuƙi yana tsaye a baya, hannuwansa suna kan igiyar ƙyalle, tafin ƙafarsa yana kan sandar tuƙi, yatsunsa sun kama ta. Duk abin da ruwa yake yi a ƙarƙashi, ta sandar yake hawowa ya shiga ƙafar mutum. Shi ya sa a tsibiranmu ba fuskar namiji ake fara kallo ba. Ana cewa Keyolu Tuttu ya taɓa taka ƙugiya, ƙugiyar ce ta lanƙwashe.

Jaufar kuwa yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kawo shi makaranta Male, bai sake komawa ba sai da ziyara, ita ma a jirgin fasinja mai inji. Ya zama akawu a ofishin da ake rajistar jirage. Ba donin da ke ƙasar nan da bai san tsawonsa da faɗinsa da sunan mai shi ba. Ya buga wa dubu hatimi. Bai taɓa juya ko ɗaya ba.

Amma zancensa kullum ɗaya ne: "Ƙafar babana gare ni. Kantar tana nan a tsakiyar tafi, da ita aka haife ni." Sai ya ƙwanƙwasa ƙasan takalminsa da cokalin shayi. Takalmi sau-ciki ne, da safa. A garin da har manya da silifas suke zuwa ɗaurin aure, ba a taɓa ganin yatsun Jaufarbe ba. A masallaci ma takalmin kaɗai yake cirewa.

A cikinmu akwai Lutfi, mai gyaran firji, wanda Allah ya hore wa baki.

"Jaufarbe, ka nuna mana kantar nan mana ko sau ɗaya, mu shafa mu sami albarka."

"Ba a nuna wa masu gyaran firji. Sanyi ya kashe muku ido."

Haka ake yi shekara da shekaru ba wanda ya ji ciwo, sai ranar da Lutfi ya dawo daga wani aiki a tsibirai.

"Na je garinku," ya ce, yana jan kujera. "Firjin masu kifi ne ya lalace. Da na gama na ce bari in gai da dangin abokina. Na ce ina gidan su Keyolu Jaufar? Aka kalli juna. Na sake faɗa. Can sai wata tsohuwa, Sanfa suke ce mata, ta ce, 'Af, ƙanin Daleka yake nufi. Mai hatimi.'"

Aka yi dariya, har da ni. Jaufar bai yi ba. Ya juya shayinsa da cokali ya fi sau ashirin, alhali ba ya sa sukari. Da ya ɗago sai ya ce saura mako uku hutun Babbar Sallah, kowa ya shirya iyalinsa. Za mu yi kwana uku muna yawo tsakanin tsibirai a doni mai ƙyalle, ba inji, mu ƙarasa Fanimadu washegarin Sallah, ranar da ake fito da manyan ganguna bakin ruwa. Shi da ƙafarsa zai shigar da mu mashigin.

Doni mai ƙyalle yanzu sai an bincika. Aka samu a wurin Donmaniku, wani tsoho da ya yi shekara talatin yana jan igiya a jirgin Keyolu Tuttu, yanzu yana dakon kwakwa da ɗan jirginsa. Ya yarda, da sharaɗin zai bi kayansa. Muka cika jirgi: Jaufar da matarsa Shiyuna da 'yan matansu biyu, Nuha da ƙanwarta, Lutfi da matarsa, ni, sai Daleka, yayar Jaufar, wadda ta zo Male ganin likitan ido, ta ce tunda gida za a je ba ta ga dalilin jiran jirgin fasinja ba. Daleka a Fanimadu take zaune. Aikinta busar da kifi a kan hayaƙi, muryarta ma ta sha hayaƙin.

Ranar tashi Jaufar ya iso bakin ruwa da farin wando, da hular matuƙa mai baki, da sabon takalmi ruwan ƙasa sai ƙyalli yake. Donmaniku yana tsugune yana taunar fowa, goron nan namu mai rina baki. Ya daɗe yana kallon takalmin, sannan ya tsartar da jan yawu a ruwa.

"Ɗan Keyolu, ofis za mu fara biyawa?"

"Ɗaga ƙyalle kawai, Donmanikube, iska tana wucewa."

Yadda aka raba aikin kwana biyun farko ke nan: Donmaniku ya hau baya ya ɗora ƙafa a kan sanda, Jaufar ya tsaya kusa da shi, hannu a ƙugu, ido a kan teku, gefen idon a kan ƙafar tsohon. Da ƙafar ta tura sanda jirgi ya fara karkata hagu, sai ka ji murya mai nauyi: "Hagu." In ya karkata dama: "Dama, dama, haka nan, riƙe." Umarninsa kullum bayan an gama aiki yake isowa, kamar hatiminsa. Donmaniku kan ce, "To, ɗan Keyolu," ya ci gaba da taunar abinsa.

Da muka fita babban ruwa jirgi ya fara hawa da sauka, umarni ya ragu. Jaufar ya ce bari ya duba zurfin ruwa. Ya je gefe ya sunkuya, ya duba, ya daɗe yana dubawa, da sauti.

Daleka tana gyaran albasa ko ɗagowa ba ta yi ba. Kokko take ce masa, kamar yadda kowace yaya mace take kiran ƙaninta a wurinmu, ko da gemunsa ya yi fari, shi kuma ya ce mata Datta.

"Kokko, nawa ka samu?"

"Datta, abincin safen ne. Man ya yi yawa."

"Ni na dafa shi," in ji Shiyuna, "kuma kowa ya ci, Baban Nuha."

"Ki bar shi," in ji Lutfi. "Sadaka yake wa kifi. Haka manyan keyolu suke yi kafin a fara kamu."

Amma fa tafiyar ta yi daɗi, kada in ci amanarta. Bayan azahar muka sauka a wani tsibirin da ba kowa, ruwan bakinsa kana ganin inuwar jirgi kwance a kan yashin ƙasa. Mata suka shiga da rigunansu har wuya suna ta shewa. Lutfi ya kamo kifi huɗu, muka gasa biyu a kan ɓawon kwakwa, Daleka ta yi romo da biyu, aka zuba a kan shinkafa da lemun tsami da barkono da ɗanyar albasa. Kowa ƙafarsa a cikin yashi. Jaufar kaɗai yana zaune a inuwa a kan wani kututture, takalmi a ƙafa, yana nazarin gajimare.

Da la'asar ta yi muka yi alwala a bakin ruwa. Shi ya wanke fuska da hannuwa, ya zame takalmi, ya shafa jiƙaƙƙen hannu a kan safa, ya mayar.

"Kokko, yaushe ka zama malami?"

"Matafiyi an yi masa sauƙi, Datta."

"Matafiyin da ruwa ya kewaye gaba da baya? Wannan sauƙi ya yi yawa."

Washegari da sassafe, kafin mu tashi, na zagaya bayan tsibirin neman busasshen itace. A bayan wasu 'yan bishiyoyi na tarar da shi zaune, takalmi da safa a gefe, ya naɗe ƙafar dama a kan gwiwa, yana gurza tafinta da guntun dutsen murjani. Ya cije leɓe, gumi yana zuba. Ƙafar fara ce sol, mai laushi kamar cikin ɗanyar kwakwa. Ba kanta, ba kaushi, ko fason dunduniya babu. Kanta yake so ya shuka a kwana biyu. Abin da ya samu shi ne bororo uku, ɗaya har ya fashe.

Muka kalli juna.

"Ka zo neman itace ne?"

"Itace na zo nema."

"To ga shi can. Kada Lutfi ya ji."

"Jaufarbe, ka bar wa tsohon nan ya shigar da mu. Ka tsaya kusa da shi kamar jiya. Daga bakin yashi wa zai bambance?"

"Sanfa za ta bambance," ya ce. Ya jawo safa yana sa wa a hankali, yana jan iska ta haƙora.

Ranar ce Sallah, muka yi idi a wani tsibiri da ke kan hanya. Mutanen suka raba mu gida-gida cin abinci, mu maza muka faɗa gidan wani dattijo. Da aka ajiye babban akushin katako, mai gidan ya ce wane ne keyolun baƙi, ya matso ya buɗe. Jaufar ya gyara hula ya fara matsowa. Dattijon bai kalli hular ba. Ya bi ƙafafunmu da ido ɗaya bayan ɗaya a kan tabarma, ya tsallake safa biyu, ya tsaya a kan na Donmaniku, masu kama da saiwar bishiya.

"Bismillah, Keyolu," ya ce masa.

Jaufar bai ci da yawa ba. Da muka fito na ga yana waya, yana kai da komo a ƙarƙashin bishiyar kwakwa. Fanimadu ya kira. Ya gaya musu gobe da la'asar ɗan Keyolu Tuttu zai shigo da doni mai ƙyalle, a gaya wa masu ganga.

Tun kafin azahar ta rana ta uku muka hango Fanimadu. Donmaniku ya ce a shiga yanzu. Mashigin yana gabas da tsibirin, mai shiga yamma yake fuskanta. In rana tana sama ko tana bayanka, ruwa da kansa yake gaya maka hanya: shuɗi zurfi ne, kore yashi ne, ruwan ƙasa dutse ne.

"Da la'asar rana tana cikin idonka, ɗan Keyolu. Ruwa duk fari yake komawa kamar faranti. Ba shuɗi ba kore."

"Babana da la'asar yake shiga."

"Babanka ƙafarsa ce take gani."

"To ai ita na kawo."

Lutfi ya buɗe baki, matarsa ta sa masa gwiwar hannu a haƙarƙari. Muka saki anga, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, a wajen mashigin muka zauna muna jiran jama'a su taru. Awa uku muna kallon gida, jirgi yana rausaya, yara suna tambayar me ake jira. Daleka ta gama kintsa tukwanenta, ta matsa kusa da ƙaninta, ta rage murya, irin ragewar da har na gaban jirgi yana ji.

"Kokko, ba wanda ya aike ka. Ka zo gida Sallah da matarka da 'ya'yanka, za a ji daɗi, za a yanka maka kaza. Bar wa tsoho sandarsa."

"Datta, shekarata hamsin da ɗaya. Garin nan ba wanda ya san sunana."

"Sun san shi mana."

"Ƙanin Daleka. Mai hatimi."

"To ƙarya suka yi?"

Daga bakin yashi aka fara jin ganga, ɗaya, sannan uku, sannan waƙa. Mutane sun fito, fararen riguna da jajaye, jere tun daga masallaci har wurin da ake ja da jirage. Jaufar ya miƙe ya ce a ɗaga anga.

Donmaniku ya sauko daga baya ya ba shi wuri. Ya miƙa masa igiyar ƙyalle, amma bai saki ba.

"Cire takalmin."

"Haka zan yi."

"Sandar jiƙe take. Fata ba ta kama itace. Ba za ka ji ruwan ba."

"Ina jinsa tun daga nan."

"Ɗan Keyolu, na ci abinci a hannun babanka shekara talatin. Cire takalmin, ko da safar ce ka bari."

Jaufar ya kalli Lutfi. Lutfi kuwa ya riga ya gyara zama, ya ƙura wa ƙafar ido, kamar wanda ya daɗe yana jiran a buɗe tukunya. Shi ke nan. Jaufar ya fizge igiyar, ya ɗora sabon takalminsa a kan sandar tuƙi.

Gaskiya ya fara da kyau. Iska tana baya, ƙyalle ya cika, doni ya miƙe tiryan-tiryan zuwa tsakiyar mashigin. Ya ɗaga haɓa, hular ta zauna daidai, rana ta haske shi. Masu ganga suka ƙara ƙarfi. Shiyuna ma sai da ta yi murmushi. Ban san abin da yake gani a gabansa ba, don mu ba ma ganin komai sai farin haske, amma na san abin da yake ji: a bakin yashi wani ya fara kiran "Ɗan Tuttu, ɗan Tuttu," wasu suka karɓa.

A tsakiyar mashigi ruwan ya ja, kamar yadda ya saba ja tun kafin a haifi kakanninmu. Donmaniku, da yake tsaye a kan katako da ƙafarsa tsirara, ya ji shi tun kafin jirgi ya motsa.

"Danne dama. Yanzu."

Karon farko ke nan a tafiyar da umarni ya riga aiki. Jaufar ya danna. Fatar takalmi ta zame a kan jiƙaƙƙen itace, sanda ta ƙwace ta wulla gefe, ta tafi da takalmin, muka ga ya tashi sama yana ƙyalli ya faɗa ruwa. Jaufar ya zauna daɓas, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya da safa. Doni ya juya a natse, ba gaggawa, ya hau kan dutse. Ba wata ƙara mai ban tsoro. Kamar an ja tebur a kan siminti, aka daɗe ana ja, sannan aka bari.

Gangunan ba lokaci ɗaya suka tsaya ba. Ɗaya ta yi shiru, sannan ta biyu. Ta ukun ta ɗan ci gaba, da alama mai ita bai ɗago kai ba, har sai da wani ya taɓa shi.

Ba wanda ya ji ciwo, kuma katako bai fashe ba. Ruwan wurin iyakarsa ƙugu. Mazan garin suka naɗe zannuwansu na Sallah suka shigo, kusan su ashirin. Aka ce sai an rage nauyi kafin a ture jirgin. Daleka ce ta fara sauka, tukunya a ka, ta kama hanyar gida a cikin ruwa kamar mai dawowa daga rijiya. Muka bi ta, mata da yara, Lutfi yana goye da ƙaramar 'yar Jaufar, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Jaufar ya zauna a bayan jirgi ya ce keyolu shi ne ƙarshen sauka. Aka tura, jirgi bai motsa ba.

"Ɗan Keyolu," in ji Donmaniku, "kai ma da nauyinka."

Ya sauko. Taku biyu ya yi. A na uku ƙafar mai safa, mai bororo uku, ta sauka a kan murjani mai kaifi, wanda yaran Fanimadu suke tsere a kansa. Ya yi wata ƙara da ban san akwai ta a cikinsa ba. Majiya ƙarfi biyu suka ɗauke shi, ɗaya ta hammata ɗaya ta gwiwoyi, suka fito da shi gaban duk garin suka ajiye a kan wani kifaffen kwalekwale. A bayansa Donmaniku ya shigo da doni da ƙafa ɗaya, yana ɓare sabuwar fowa da hannu biyu.

Safar ta jiƙe da jini. Tsofaffin mata suka kewaye shi, Sanfa a gaba, 'yar ƙarama, ba haƙori, da ƙullin magani a bakin mayafi. Ya riƙe safar da hannu biyu.

"Ba komai, Sanfadatta, ɗan ƙwarzane ne."

"Saki, ɗan nan. Ni na yanke maka cibi."

Ta zare safar. Ta juya ƙafar, ta latsa tafin da babban yatsa, ta ga ya lotsa ya dawo.

"Ikon Allah," ta ce. "Ku zo ku taɓa."

Suka zo kuwa. Ɗaya bayan ɗaya, kamar ana duba yadi a kanti. Wata ta ce jikanta na wata shida ya fi shi kaushi. Wata ta tambayi Shiyuna wane mai take shafa masa, ita ma tana so. Lutfi ya leƙo ta saman kawunansu.

"Sanfadatta, ki duba tsakiyar tafin da kyau. An ce akwai kanta, tun ta haihuwa."

"Kanta? Wannan ko tabarma ta taka sai ta yi mata zane."

Dariyar ta tafi har wurin masu ganga. Daleka ta dawo daga gida da ruwan ɗumi da tsumma, ta ture matan, ta durƙusa ta ɗora ƙafar a cinyarta. Tana wankewa tana magana, ba ta kalle shi ba.

"Ranar da za a kai ka makaranta, Baba ya dawo da takalmi a cikin takarda. Shi bai taɓa sa takalmi ba, ba wanda zai shige shi. Ya durƙusa kamar yadda na durƙusa ɗin nan ya sa maka da hannunsa. Ya ce wa Mama, wannan ƙafa dai ba za ta ga abin da tawa ta gani ba. Ƙafar tasa da kake ba da labarinta a wurin masu shayi, ni nake jiƙa masa ita a ruwan zafi kowace yamma. Yatsun ba sa miƙewa. Shekarunsa biyar na ƙarshe da rarrafe yake zuwa masallaci, kai kana Male, an ce kada a gaya maka kana jarrabawa." Ta matse tsumma. "Abu ɗaya mutumin nan ya so ya yi a duniya, kuma ya yi shi. Ga shi a cinyata. Kai kuma shekara arba'in kana ɓoye shi a cikin safa."

Matan suka daina dariya. Lutfi ma ya sami abin kallo a can wajen teku. Jaufar ya sunkuyar da kai ya daɗe. Na ce a raina to, yau dai magana ta shiga. Da ya ɗago, idonsa ya yi ja, sai ya ce:

"Ruwan ne ya ja da wuri. Da ba haka yake ja ba."

Daleka ta ɗaure tsummar da ƙarfi har sai da ya zabura, ta kwashi kwanonta ta tafi.

Kwana huɗu muka yi a Fanimadu, an kuwa yanka masa kazar. Yana zaune a lilon ƙofar gida, ƙafa a naɗe, masu zuwa sannu suna shiga suna fita, rabinsu don su sake gani. A rana ta biyu masu nutso suka tsamo takalmin. Ba su kawo masa ba. Da ma an daɗe ana cewa a kafa alama a kan dutsen nan da ke gefen mashigi, ana ta jan ƙafa. Suka kafa doguwar sanda a daidai inda muka hau, suka kafe takalmin a samanta da ƙusa. Ruwan ƙasa mai ƙyalli, ko da la'asar ana hango shi. Kafin mu tafi har na ji wani matuƙi yana koya wa surukinsa: in za ka shiga, ka bar takalmin Jaufar a hagunka, kamu goma.

Sunan ma ya samu. Ranar da za mu hau jirgin fasinja, mai inji, Sanfa ta rako mu bakin ruwa, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Allah ya kiyaye hanya, Keyolu Takalmi." Garin ya karɓa, kuma har yau haka suke kiransa, yara ma da ba su taɓa ganinsa ba.

Yana nan a teburinsa na jikin taga. Ya sayi wani takalmin, baƙi. Zancen kanta ya bari, cokalin shayi ya huta. Gyaran tuƙi kuwa sai abin da ya ƙaru, don yanzu ya ce ya san irin makircin ruwa. In an sami baƙo a shagon, yakan jira a ambaci tsibirai, sannan ya gyara zama.

"In ka je Fanimadu ka tambayi Keyolu Jaufar. Ba jirgin da ke shiga garin nan sai an ambaci sunana."

Baƙon yakan kalle mu. Mu kuma mukan gyaɗa kai, har da Lutfi, don wannan dai ba ƙarya ba ce.